Gidan da Ba Shi da Zaure

A bakin Bahaushe kalmar gida tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda ba su rabuwa. Gida shi ne ginin da aka kewaye da katanga ko danga, gida kuma shi ne mutanen da ke kwana a cikinsa. Shi ya sa idan aka ce wa mutum ina gida, ba lafiyar katanga ake tambaya ba. Wanda aka ɗora wa nauyin duka biyun shi ake kira maigida. Sunan yana da daɗin ji, amma duk wanda ya ɗauke shi ya san ginin ya fi mutanen sauƙin riƙo, domin gini yaɓe ɗaya yake nema a shekara kafin damina, mutane kuwa kullum ne.

Maganar da ke tafe ta shafi wani rukuni na magidanta waɗanda ginin da suke ciki ba nasu ba ne, na gwamnati ne, ta kuma shafi abin da zama cikin irin wannan gini yake yi wa dangantakar uba da ƴaƴansa. Matamaye ce aka ɗauka abin misali, amma mai karatu a Magarya ko Mirriya ko Tasawa zai gane unguwarsu a ciki.

Zaure da mutanensa

A gidan gargajiya na ƙasar Kance, kamar sauran ƙasar Hausa, mai shiga sai ya bi ta zaure. Nan maigida yake shimfiɗa tabarma da maraice, nan ake kawo akushin tuwo maza su kewaye shi, nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Yaron da zai fita ta gaban mahaifinsa zai fita, wanda ya yi dare ta gabansa zai dawo. Ba sai uban ya yi tambaya ba: ya ga wanda ya zo kiran ɗansa, ya ji irin maganar da ke bakinsu, ya lura da wanda ya wuce bai durƙusa ba. Maginan dā sun sa wa gida ido tun daga ƙofa, suka zaunar da uba a wurin.

Bayan zaure akwai gandu. Yaro yana tasowa yana bin mahaifinsa gona; ya fara da kai fura da korar awaki, ya kai ga riƙe hauya, har ranar da za a yanka masa gayauna a ce wannan taka ce. A fadamun Korama, inda ake noman rake da kayan lambu da rani, aikin ba ya yankewa duk shekara. Ɗan maƙeri kuwa a bakin zuga-zugi yake girma, ɗan mahauci a gefen tukuba. Uba da ɗa suna iya wuni tare ba su yi magana goma ba, amma yaron ya ga yadda mahaifinsa yake ciniki, yadda yake haƙuri da mai bashi, yadda yake barin aiki idan an kira salla.

A cikin wannan tsari ne alkunya ta sami wurin zama. Uba ba ya wasa da ɗan fari, sau da yawa ko sunansa ba ya faɗa, ba ya yabonsa a gaban mutane. Wannan bai cuci yaron ba, domin abin da uba ya janye wasu sun cike. Kaka tana nan da tatsuniya da wasan jika, baffa yana nan da tsawa, kawu yana nan da sassauci, gwaggo tana nan mai jin sirrin ƴa mace, malamin allo yana nan da bulala da albarka. Hausawa suka ce ɗa na kowa ne. Ba kirari ba ne kawai, bayanin yadda aka raba aikin ne. Nisan uba ginshiƙi ɗaya ne a cikin ginshiƙai da yawa, kuma saboda sauran suna tsaye ne ya yi kyau.

Ɗaki biyu da falo

Matamaye ita ce babban garin gundumar Kance. Mai fitowa daga Damagaram yana barin babbar hanya a Takeita ya yi kudu, kuma tafiyar duka ba ta kai kilomita 100 ba; in ya zarce sai Ɗan Barto, sai iyakar Nijeriya da hanyar Daura. Kasancewarta wurin zaman hukuma ya sa ta tara ma'aikata: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro, ma'aikatan gona da na daji. Kaɗan daga cikinsu ne suke samun gidan gwamnati, a harabar makaranta ko ta asibiti ko a bariki. Mafi yawa, musamman malamai ƴan kwantaragi, haya suke kamawa a gidajen da aka jera ɗakuna, iyali biyar ko shida a tsakar gida ɗaya. Ta fuskar abin da ake magana a kai, duka biyun jirgi ɗaya ya kwaso su.

Fasalin waɗannan gidaje gado ne daga zamanin Turawa, tun lokacin da Damagaram take babban birnin ƙasa kafin a mai da shi Yamai a 1926. An zana shi ne domin ma'aikaci da mata ɗaya da ƴaƴa biyu ko uku: ɗaki biyu, falo, baranda, kewaye. Shi ne aka yi ta maimaitawa a rukunin gidajen da kamfanin SONUCI ya gina a Yamai, da irin gine-ginen da aka riƙa yi idan bikin 18 ga Disamba ya zagayo kan wata jiha, kamar na Damagaram Sabuwa a 2018. A ƙetaren iyaka ma haka ne, a gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka gina zamanin Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Gidaje ne na siminti da kwano, wasu da famfo da lantarki, kuma wanda ya samu ya gode. Sai dai ba a yi musu zaure ba.

Ba zaure kaɗai aka rasa ba. Takardar canjin wurin aiki ma'aikaci take kira, ba danginsa ba. Ya ɗauko mata da ƴaƴa ya baro kaka da baffa da gwaggo a Tawa ko Doso ko Gure. Gona babu, kuma aikin ofis ba aikin da yaro zai bi uba ya koya ba ne. Ga shi kuma gidan aro ne. Maigida ba zai tsaga katanga ya ƙara ɗaki ba, yana jin nauyin dasa itacen da ba zai sha inuwarsa ba, ya kuma san ranar da wata takarda ta zo ko ritaya ta yi, mabuɗi zai miƙa. Mutumin da yake ganin kansa baƙo a gidan da yake kwana, da wuya ya zauna a cikinsa zaman mai shi.

Ginshiƙan nan duka sun faɗi, saura ɗaya, wato nisan uba. Shi kaɗai ne ya shiga mota ya biyo kaya. Abin da yake ladabi a babban gida, a ɗaki biyu da falo ya zama rami, kuma yaro ne yake faɗawa ciki.

Inda maigida yake zuwa

Namijin da bai da zaure sai ya nemi wani a waje. Tun cikin shekarun 1990 fada ta bazu a garuruwan Nijar, kuma ba ta tsaya ga samari marasa aiki ba. Ma'aikata ma suna da tasu: benci biyu a gindin dalbejiya, buta a kan gawayi, shayi na ɗaya da na biyu da na uku, karta ko dara, labarin albashi da na siyasa. Fada tana da amfaninta. Ita ce dangin wanda ya baro danginsa. A nan ake haɗa gudummawar suna, a nan ake samun rancen ƙarshen wata, daga nan ake tashi a raka gawa. Aibinta ɗaya ne: zaure yana kallon cikin gida, fada tana kallon titi.

Bai kamata a ɗora wa waɗannan maza laifin da ba nasu ba. Da yawansu suna tashi tun asuba, wasu suna kwana wurin aiki, wasu suna haɗawa da ɗan kasuwanci ko kabu-kabu domin albashi ba ya kai wata, ga kuma ƴan uwa a ƙauye da ke jiran aike. Kowanensu zai ce ya sauke nauyi: ya ajiye hatsi, ya ba da kuɗin cefane, ya ɗinka kayan salla, ya sayi littattafai. Gaskiya ya faɗa. Abin da aka koya masa ke nan ana kira uba, kuma a gidan da ya tashi hakan ya isa. Amma a gidan da yake yanzu, duk sauran aikin ya koma kan mace ɗaya, wadda sau da yawa karatunta bai kai na ɗanta ba, kuma ɗan da ya fara tsawo ya daina jin tsawarta.

Wani ma'aikacin jinya, mutumin ƙasar Adar, ya yi shekaru a irin wannan gida da matarsa da ƴaƴa huɗu. Mutum ne da kowa yake yabo a wurin aiki, mai haƙuri da marasa lafiya, mai tashi tsakar dare idan an buga masa ƙofa. Wata rana takardar kira ta zo daga kwalejin da babban ɗansa yake. Matar ce ta saba zuwa, amma a lokacin tana jego, sai ya tafi da kansa. Mai kula da ɗalibai ya ba shi kujera ya ce, «Malam, wane ne yaron naka?» Ya yi shiru, domin ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinsa aka sa masa, sai ya miƙa takardar. Aka ce wane aji yake. Ya ce aji na uku. Mai kula da ɗalibai ya duba rajista ya ce aji na biyu yake maimaitawa, kuma mako uku ke nan ba a gan shi ba.

Da ya koma gida ya tambayi matar dalilin da ta ɓoye masa. Ta ce, «Maigida, ban ɓoye ba. Na gaya maka ranar da ka dawo daga aikin dare, ka ce Allah ya kyauta, ka kwanta.» Bai musa ba. Aka sami yaron a tasha yana taya masu lodin rake, yana samun ƴan dalolinsa. Da aka matsa masa, sai ga dalilin da ba wanda ya zata: daga bencin baya ba ya ganin rubutun allo, yana kwafar kuskure, ana yi masa dariya, har ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne. Uban da yake duba idon ƴaƴan mutane kullum bai taɓa zama kusa da nasa yana karatu ba, balle ya ga yadda yake kai littafi har bakin hanci.

Tsohon maigadin harabar, wanda ya ga shigar ma'aikata da fitarsu shekara da shekaru, shi ne ya faɗa masa maganar da ta zauna. Ya ce, «Ɗana, da a garinku ne, baffansa ne zai gani, ko kakarsa. Nan kuwa kai ne baffa, kai ne kaka. Kunyar da kake ji, wa ka bar wa aikin?»

An kai yaron Damagaram aka yanka masa tabarau. Bai zama na ɗaya a aji ba, da ƙyar ma ya haye a shekarar, amma bai sake komawa tasha ba. Uban bai bar fada ba, kuma har yau ba ya kiran sunan ɗan. Abin da ya canza kaɗan ne: yana cin tuwon dare a baranda tare da yaran kafin ya fita, kuma littafin kowane sai ya bi ta hannunsa. Ya yi wa kansa zaure da tabarma ɗaya.

Bayan katangar bariki

Kada a ɗauka wannan ciwon ma'aikata ne kaɗai. A ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye rashin uba yana da wata kama, wadda ta fi muni. Ƙasar Kance tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonaki sun tsuke da rabon gado, abin da aka girbe ba ya kai wata damina. Maza sun daɗe suna cin rani a Kano da Legas da Libiya. Daga baya mata suka kama hanyar Aljeriya da yara, nasu da na aro, domin bara. A watan Oktoba na 2013 motocin da suka ɗauko wasu daga cikinsu suka lalace a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu ƴan wannan yanki. Ƙasa ta yi makoki na kwana uku.

Talauci ne ya kora su, wannan ba a musu. Amma duk wanda ya dubi lissafin nan sai ya tsaya a kan 52 da 7. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da uba, kuma a al'adar wurin yaro ba ya barin gari sai uba ya yarda ko ya kau da kai. Al'adar da ta ce ɗa na uba ne, wadda take ba namiji ikon karɓe ƴaƴansa idan aure ya mutu, ita ce ya kamata ta tambaye shi inda suka kwana. Yana da ban mamaki mutum ya yi shari'a har gaban sarki domin a ba shi ɗa, sa'annan ya miƙa shi ga kishiyar uwa, ya wuce fada. A birni kuma, wanda ya kalli fim ɗin «Zinder» na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara suka kafa wa kansu ƙungiyoyi da shugabanni da dokoki. Yaro ba ya zama ba mai faɗa masa; in bai samu a gida ba zai samu a waje.

Akwai darasi kuma daga nesa ga masu zana gidajen jama'a. A birnin Sen Luwis na Amurka an gina wani rukuni mai suna Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11, aka fara shiga a 1954. Dokar tallafin marasa ƙarfi ta jihar a lokacin ta hana iyalin da ke karɓar tallafi zama da namiji mai lafiyar aiki, har jami'ai sukan zo bincike da dare. Iyaye maza da yawa suka bar gida domin ƴaƴansu su sami wurin kwana. Ba wannan kaɗai ya kashe unguwar ba, amma yana cikin abin da tsofaffin mazaunanta suka fi tunawa, kuma a 1972 aka fara rushe ta. A Nijar ba wata doka da ta kori uba daga gida. Sai dai abin da doka ta yi a can da gangan, fasalin gini da tsarin canjin aiki suna iya yin kaɗan daga cikinsa a nan ba da niyya ba.

Abin da aka riga aka gwada

Ba sai an je wata ƙasa neman magani ba, domin jihar Damagaram ce mahaifar wata dabara da wasu ƙasashen Afirka suka zo suka koya. A 2008 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da hukumomin lafiya da sarakuna, ya fara abin da ake kira makarantar mazan aure. Bincike ya nuna cewa babban abin da ke hana mata zuwa awo da haihuwa a asibiti shi ne maganar miji. Maimakon a yi ta zagin maza a rediyo, sai aka zaɓi magidanta masu mutunci, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, aka haɗa su ƙungiya-ƙungiya da ba ta wuce mutum 12 ba. Suna zama sau biyu a wata, su dubi matsalar garinsu tare da ma'aikacin lafiya, su fita su yi wa ƴan uwansu maza magana a majalisa da masallaci da wurin suna. Daga Damagaram abin ya bazu sauran jihohi, ya kuma ƙetara iyaka.

Sirrin wannan dabara a fili yake. Namiji ya fi jin maganar namiji ɗan uwansa wanda ya san shi, a wurin da ya saba zama, kuma ya fi karɓar abin da aka kawo masa a matsayin girma bisa wanda aka kawo masa a matsayin tuhuma. Abin da ya yi aiki a kan awon ciki ba abin da zai hana shi aiki a kan littafin yaro.

Rabon malamai da ƙungiyoyi

Makaranta ita ce ta fi kowa sanin yaron da ba a dubawa a gida, amma ita ma tana da nata hannu a nisan iyaye maza. Uba ba ya samun takarda daga makaranta sai ɗansa ya yi laifi ko ana neman kuɗi, don haka ƙofarta ta zame masa ƙofar kunya. Da malami zai aika wa uba kira sau ɗaya a shekara domin kawai a gaya masa abin da ɗansa ya iya, da an ga bambanci. Akwai ƙungiyar iyaye mata masu tarbiyya, akwai ƙungiyar iyayen ɗalibai, akwai kwamitin tafiyar da makaranta, amma taronsu yakan faɗo da hantsi ranar aiki, lokacin da ma'aikaci yake ofis, manomi yake gona. Taron da aka sa bayan la'asar, ko aka kai shi har fada, zai sami mutanen da ba a taɓa gani ba. Takardar sakamako kuma, maimakon a ba yaro ya kai, ana iya cewa uba ya zo ya karɓa da hannunsa, a yi masa bayaninta layi-layi.

Harshe ma yana cikin maganar. Uba da yawa yana gudun littafin ɗansa ne domin Faransanci ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya so yaro ya gane. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Malamin Hausa yana da hanyar da sauran ba su da ita: ya ba da aikin gida wanda ba ya yiwuwa sai da uba. A ce wa yaro ya tambayo asalin gidansu da sunayen kakanni har inda aka sani, ko sunayen kayan sana'ar gadonsu, ko karin magana biyar da mahaifinsa ya ji daga nasa mahaifin, ko dalilin sunan garinsu. A irin wannan aiki uban da bai taɓa shiga aji ba shi ne malami, kuma yaron da aka haifa a bariki, wanda bai san ƙauyensu ba sai da salla, zai ji daga ina ya fito.

Ƙungiyoyin al'adu suna da nasu rabo. Rumfa ɗaya ta zana a tsakiyar rukunin gidaje, da tabarmi da fitila, tana iya zama zauren kowa: yara su yi bitar karatu a gefe, iyaye su dafa shayinsu a gefe, ido yana ganin ido. Maƙwabcin da ya fito daga Gaya ya zama baffan ɗan wanda ya fito daga Bilma, kamar yadda zaman bariki ya saba haɗa zumuncin da ya fi na jini ƙarfi. Ana iya shirya daren kacici-kacici ko gasar dara tsakanin iyaye da ƴaƴa, ko wasan kwaikwayo a gidan matasa da al'adu wanda zai sa maza su yi wa kansu dariya. Masu zana gidajen ma'aikata na gaba kuwa, ɗaki ɗaya a bakin ƙofa ba zai karya baitulmali ba.

Akwai kuma ƙananan ayyuka da ba mai yi sai uba ya tashi. Takardar haihuwa tana cikinsu: kowace shekara ana samun yaran da jarrabawa ta zo ba su da ita, a shiga neman hukuncin kotu a gurguje, alhali tafiya ɗaya ce zuwa ofishin magajin gari a makon suna. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma layin asibiti har yau kusan na mata ne zalla, kamar zazzaɓi ya san jinsin wanda zai kai yaro.

Wasu za su ce wannan duk aikin mata ne, kuma uban da ya cika zama da ƴaƴa raini yake saye. Tsoron raini tsoro ne na gaskiya, ba a yi masa dariya. Amma kwarjini ba ya zubewa don an tambayi yaro me aka koya masa yau. Abin da ke zubar da shi shi ne ranar da yaro ya gane mahaifinsa bai san ajinsa ba. Tarihin ƙasar Hausa ma bai goyi bayan masu wannan magana ba. Shehu Usman ɗan Fodiyo, da duk nauyin da ke kansa, ya kula da karatun ƴaƴansa mata, har Nana Asma'u ta zama malamar da ta kafa tsarin ƴan taru na karantar da matan karkara. A Alƙur'ani kuma akwai sura guda mai sunan Luƙman, wadda ta ƙunshi nasihar uba ga ɗansa. Ƴa mace ta fi kowa bukatar wannan kusanci, domin ranar da maganar aure ta taso tana aji na uku, bakin uba ne zai ce ta ci gaba ko ta tsaya, kuma uban da ya taɓa ganin makinta da idonsa ba ya saurin cewa ta tsaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, sai dai ba su ce daga nesa ake yi ba. Ma'aikaci zai yi shekara uku ko biyar a Matamaye, takarda ta zo, ya kwashe kaya, wani ya shiga ɗakin ya sake fenti. Gwamnati za ta karɓi mabuɗinta ta duba ko ƙofa da taga suna nan. Ɗaya gidan kuwa, wanda ya hau mota tare da shi, ba mai zuwa duba shi sai shi kansa, kuma shekarun da yaro ya yi tsakanin yaye da balaga ba a maimaita su kamar aji. Allah ya shirya zuri'a, ya ba iyaye ikon sauke abin da aka ɗora musu.